Babbar Riga a Tagar Gwaji

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Maraɗi ko a Tsibiri cikin goman ƙarshe na watan azumi ya san lokacin da hira take tsayawa. Lokacin ne da tela ya shimfiɗa shadda bisa tebur, ya ja alli, ya ɗauki almakashi. Kafin nan kome magana ce: mai kaya ya nuna hoto cikin wayarsa, abokin da ya rako shi ya ce wuyan ya cika faɗi, tela ya ce ai irin wannan ɗinki ba ya zama a kan irin wannan yadi. Da zarar almakashi ya ci, magana ta ƙare. Shaddar da aka yi wata biyu ana tara kuɗinta ba ta komawa yadda take, kuma idan abin da ya fito ba shi ne abin da aka nuna ba, sai dai a saka shi haka nan a tafi idi, ana gaisawa da jama'a ana jan wuyan riga.

Saboda wannan tsoro na almakashi ne masu sana'ar tufafi suka daɗe suna neman dabarar ganin riga tun ba ta zama riga ba. An yi zamanin manyan takardun hotuna da ake sayowa daga Najeriya da Kwatano a liƙa jikin bangon shago; an yi zamanin kundin hotunan da tela ke ajewa na ayyukan da ya gama; sannan waya ta zo ta haɗiye su duka. Masu keken kwamfuta kuwa, waɗanda suka karɓe babban rabo na aikin wuya da na hula a Kano da Maraɗi, suna ganin tafiyar zare a allo kafin allura ta taɓa yadi. To ga wata dabarar ta baya-bayan nan, wadda ita ba jikin ɗan Adam ake yi wa ba. Akwai duniyoyin da aka gina cikin na'ura, waɗanda ake shiga ta intanet, inda kowane mai shiga yake da wata siffa mai kama da mutum da ke wakiltarsa, tana tafiya, tana zama, tana gaisawa da siffofin wasu. Ita ake kira abata. Samarin Maraɗi sun san ta ta hanyar Bitmoji na Snapchat, da wadda WhatsApp ya fito da ita a ƙarshen 2022, da ƴan wasan Free Fire da ake saya wa tufafi. Sai dai waɗannan duk kayan kanti ne, zaɓa kawai ake yi. Inda batun ya fi jan hankali shi ne duniyoyin da suka yarda mutum ya ɗinka wa abatarsa tufafi da kansa, kuma suka ba shi wata ƴar taga da zai duba yadda suka zauna kafin ya ɗora su.

Faransanci yana ce wa wannan dubawa aperçu. Hausa ba ta tsayar mata da suna ba tukuna, ko da yake tana da abin wasa a hannu: rigar da ake sakawa da riga ta rigaye, kamar a rigakafi, rubutun boko bai raba su ba, tsawon wasali da karin sauti ne ke raba su a baki. A nan dai a kira ta tagar gwaji.

Ɗaya daga cikin tsofaffin misalan da ke raye shi ne Second Life, wadda kamfanin Linden Lab na birnin San Faransisko a Amurka ya buɗe a 2003. Tun a ƙarshen wannan shekara kamfanin ya bar wa mazauna haƙƙin mallakar abin da suka ƙirƙira, sai kasuwar tufafi ta tashi, har waɗansu suka mai da ita hanyar cin abinci. Yadda ake aikin a farko shi ne: kamfani ya ba da taswirar jikin abata, wato kamar an feɗe fatar an baje ta a kan murabba'i mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance. Taswira ɗaya ta kai ce, ɗaya ta ƙirji da baya da hannu, ɗaya ta ƙugu zuwa ƙafa, da wata ta siket. Mai ɗinki ya zana rigarsa bisa wannan taswira da manhajar zane, sannan ya ɗora hoton. Ɗorawa ba kyauta ba ce. Tsawon shekaru kuɗin hoto guda linden 10 ne a kuɗin duniyar, abin da bai wuce dala biyar ba a lissafin kasuwar Maraɗi, wato sefa 25 ko kusa da haka. Kuɗin kaɗan ne, amma mai gyara riga sau talatin zai ji a jikinsa. Don haka kafin a biya, taga tana buɗewa, a zaɓi ƙirjin namiji ko na mace, a ga hoton ya naɗe jikin gunki, a juya shi dama da hagu. In ɗinkin kafaɗa bai haɗu ba, sai a rufe taga a koma a gyara, ba a yi hasarar ko tamma ba. Roblox, wadda ta fito a 2006 kuma yara suka fi cika ta, ita ma haka ta soma: taswira mai ɗigo 585 da 559, jiki kuwa tubala ne shida da aka jera, ana iya gwada riga a ɗakin aikin manhajar kafin a kai ta kasuwa.

Ya kamata a ba wannan taga haƙƙinta kafin a soke ta, domin abin da take yi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A aikin babbar riga ta hannu, mai ɗinkin ado ba ya fara soka allura da ka. Akwai mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, shi ne ke fitar da aska da tambari da dagi a jikin yadi, layi bayan layi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya ba wannan mataki muhimmanci ƙwarai a bincikensa, har ya nuna cewa zanen sana'a ce mai zaman kanta, da gwanayenta da ake nema daga nesa. A wannan mataki ne mai riga yake iya cewa a ƙara wa aska tsawo, ko a matso da tambari. Bayan an shiga ɗinki, wanda kan ci watanni, ba mai sake wannan magana. Tun ran gini ran zane. Tagar gwaji ta dawo da wannan hutu na tsakanin niyya da aiki, ta kuma sa shi a hannun yaron da ba shi da kuɗin yadi. Ɗalibin lakkol da ke son ya fahimci dalilin da ya sa aska takwas take zaune inda take, zai iya matsar da ita sau ɗari ya gani da idonsa yadda riga ke karkacewa. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Amma kamar ta tsaya a nan. Mai zane yana zana a kan yadin da zai zama riga. Mai aiki da taswirar abata yana zana a kan fata. Abin da Second Life ta kira riga a shekarunta na farko fenti ne a jikin gunki, yana bin kowane lungu na ƙirji da damtse kamar lalle. Wannan tsari ya dace da ƴar shara ta Turawa da wandon jin, tufafin da aka yanka don su bi jiki. Waɗanda suka yi taswirar ba su yi niyyar cin mutuncin kowa ba. Sun dubi abin da ke jikinsu ne suka ɗauka shi ne ma'anar tufafi. To amma babbar riga ba a yanka ta don ta bi jiki ba. An yi ta ne don ta yi nesa da shi. Tsofaffin rigunan saƙi da na tsamiya da ke gidajen tarihi, idan aka baje su, faɗinsu daga wannan gefe zuwa wancan yakan kai wajen mita biyu da rabi, an haɗa su da siraran ƙyallen saƙa masu yawa, waɗansu faɗinsu bai wuce yatsa biyu ba. Colleen Kriger, a nazarin da ta buga a 1988 kan rigunan daular Sakkwato, ta bi yadda riga guda ke ratsa hannun mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da maɗinki, da mai zane, da mai ado, da mai bugu, wani lokaci a garuruwa dabam-dabam. Heinrich Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina da Kano a farkon 1851, ya ga yadda wannan kaya ke tafiya har Tumbutu da Tarabulus. Duk wannan wahala ba don a rufe ƙirji aka sha ta ba, taguwa ta isa wannan. An sha ta ne don sararin da ke tsakanin mutum da rigarsa, inda iska ke shiga, inda siririn dattijo ke cika ƙofar zaure. Taswirar fata ba ta da wurin da za a zana wannan sarari. Wanda ya gwada zai ga aska da linzami sun fito tsaf a ƙirjin gunki, sai dai abin da ke tsaye a taga ɗan kokawa ne da aka yi wa zane a jiki.

Akwai wani ɗan abu a taswirar da ya fi kome tona asirin tunanin da ke bayanta. A tsohuwar taswirar Second Life hannu ɗaya ne aka zana. Na'ura ce ke maimaita shi a dama da hagu. An ɗauka ke nan cewa duk abin da ke hannun dama shi ne a hagu. Sai a 2019 aka ƙara wata hanya da ta raba su. Babbar riga kuwa ba ta san wannan daidaito ba. Adonta ya fi nauyi a hagu, inda babban aljihu yake, askake suna gangarowa daga wuya. Dama ta samu tambari, wani tambarin kuma ya zauna a baya. Hannun riga ma ba hannu ba ne a ma'anar tela na zamani, fiffike ne da ke zuba har ƙasa, wanda dole mai riga ya tattara ya aza a kafaɗa. A wannan azawa ce rigar take samun siffarta. Wani ya aza duka biyu, ya fito a shirye kamar mai shirin aiki. Wani ya aza ɗaya ya bar ɗaya yana ja, alamar ba ya sauri kuma ba mai sa shi sauri. Idan aka naɗe fiffiken ne shafi yake bayyana, wato ƙyallen da aka bi bakin riga da shi ta ciki, wanda a manyan rigunan da ake yi da jan alharini da fatake ke ƙetaro Sahara da shi. Masu ɗinkin da sun ɓoye abu mafi tsada a cikin riga, sun bar wa motsin mai ita ya fito da shi. Kuma naɗin ba ya zama: yana zamewa, a mayar, ya sake zamewa. Mai kallo yana karanta mutum daga yadda yake mayarwa, ko da natsuwa ko da fushi, ko irin na wanda ya aro rigar jiya da dare.

Gunkin tagar gwaji fa? A yawancin manhajojin wannan aiki yana tsaye ne ƙiƙam, ya ware hannuwa kamar mai jiran a caje shi a shingen jandarma. An zaɓi wannan tsayuwa don ta sauƙaƙa wa na'ura lissafi. Abin lura shi ne, ita ce kuma tsayuwar da gidajen tarihi na Turai suke nuna babbar riga da ita: a zura sanda daga wannan hannu zuwa wancan, a rataye ta jikin bango kamar tuta. Hotunan waɗannan riguna su ne suka fi sauƙin samu a intanet, su ne kuma wanda bai taɓa ganin Bagobiri ya sauko daga doki ba zai kwaikwaya. Gidan tarihi ya baje riga don a ga ado, taga ta baje gunki don a ga ɗinki, sai kuskuren biyu suka gaskata juna. Abin da ya fito ya yi kyau a taga, ba kuwa wanda ya taɓa saka riga haka.

Gaskiya ne fasahar ba ta tsaya inda take a 2003 ba. A 2006 Second Life ta kawo sassa masu lanƙwasa da ke kaɗawa in an yi tafiya, masu yin siket suka yi ta murna. A 2011 ta yarda a shigo da tufafin da aka ƙera da siffarsu ta kansu, masu tudu da kwari, ba fenti ba. Roblox ta bi sahu a 2022 da tufafin da ake jerawa wani bisa wani. Yanzu ana iya ƙera riga mai faɗi. Sai dai wata matsalar ta maye gurbin ta farko: dole a ɗaure kowane yanki na tufa da wani ƙashi na ƙwarangwal ɗin abata, don in ƙashin ya motsa tufar ta bi shi. Fiffiken babbar riga na wane ƙashi ne? In an ɗaure shi da damtse, sai ya riƙa tashi kamar na jemage duk lokacin da abata ta ɗaga hannu. In an ƙera shi a naɗe bisa kafaɗa, to ya naɗu ke nan har abada, kamar na gunkin siminti a mararraba. Shafi ba zai ɓuya ba balle ya bayyana. Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ta manhajoji irin Marvelous Designer da CLO, na wani kamfanin Koriya ta Kudu, waɗanda suke farawa daga inda tela yake farawa: a yanka ƙyalle a shimfiɗe, a nuna inda za a haɗa, a faɗi nauyin yadi da taurinsa, sannan a sake shi ya faɗo bisa jiki. Da irin wannan fasaha ce Anifa Mvuemba, ƴar asalin Kwango mai kamfanin Hanifa a Amurka, ta nuna tufafinta a Instagram a watan Mayu na 2020, suna tafiya su kaɗai ba kowa a ciki. Wannan nuni ya tabbatar da cewa na'ura tana iya riƙe tufa a matsayin abu mai ransa. Amma abin da aka gani a irin wannan manhaja ba shi ne ke isa duniyar da za a ɗora shi ba; a bakin ƙofa sai an daskarar da shi, an rage masa nauyi, don wayoyi da kwamfutocin jama'a su iya ɗauka.

Batun ƙyalli gajere ne. Darajar kore da rawanin ɗan Kura, da ta shaddar Getzner da ake kawowa daga Ostiriya, tana cikin yadda suke amsa haske, abin da masu bugu ke samarwa da baba da dukan itace. Hoton da aka ɗora ba ya amsa haske, sai dai a zana masa ƙyallin ƙarya da ke nan daram ko an juya. An sami ci gaba a nan tun daga 2013. Ƙarar sabuwar shadda da shuɗin da turkuɗi ke bari a fata kuwa ba a maganarsu.

Abin da ya fi waɗannan nauyi ba na fasaha ba ne. A tagar gwaji mutum shi kaɗai ne da gunkinsa. Tambayar da taga take amsawa ɗaya ce: hoton ya zauna? A shagon tela tambayoyin sun fi haka, kuma ba mai riga ne kaɗai ke amsa su ba. Abokin da ya ce wuyan ya cika faɗi, sau da yawa abin da yake nufi shi ne wannan ɗinki ya fi ƙarfin shekarunka, ko ya fi na yayanka da za ku tsaya sahu ɗaya. Gobir ta san nauyin wannan magana fiye da kowace ƙasa. Ƴan shekaru kafin jihadin 1804, cikin dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa don rage ƙarfin jama'ar Shehu Usmanu akwai hana maza naɗa rawani da hana mata yafa mayafi. Sarki ya gane cewa ƙyallen da ke kan mutum shaida ce ta inda biyayyarsa take. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka yi ta gwagwarmaya har yaƙin Gawakuke na 1836, wanda bayansa Mayaƙi ya kafa Tsibiri. A fadar da ta tsira daga wannan tarihi, alkyabba ba sayenta ake yi a saka ba, yafa wa mutum ake yi ranar naɗi, gaban shaidu. A duniyar allo kuwa duk mai kuɗin ɗorawa sarki ne. Masu tace kaya na kamfani suna duba tsiraici da satar tambarin wani kamfani; ba aikinsu ba ne su san wa ya isa ya saka me. Wani zai ce ai wannan ƴanci ne, ɗan talaka ya ɗana alkyabba ko da a allo, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin yara sun daɗe suna naɗa ɗankwalin uwarsu suna wasan sarki ba wanda ya ce sun yi laifi. Bambancin shi ne yaran sun san abin da suke kwaikwaya. Wanda ya sayi alkyabba a kantin allo tsakanin rigar ɗan sama jannati da fiffiken dodo, a wurinsa duk kayan wasa ne.

Ita kanta kalmar abata tana da abin faɗi a nan. Asalinta daga harshen Sanskirit na Indiya ne, tana nufin saukowar abin bauta cikin wani jiki. Masu wasan Habitat na kamfanin Lucasfilm ne suka ɗora ta a kan siffar ɗan wasa a 1986. A garin da Inna take da matsayinta a fada, wannan hoto ba ya buƙatar dogon bayani. A bori, wanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarinsa a yankin Maraɗi ta buga a 1972, ana sanin wanda ya hau doki ta kayan da aka sa masa: farar riga da rawani na Malam Alhaji ne, adon ƴaƴan sarki na Ɗan Galadima. Ko me mutum yake gani game da bori, ka'idar a fili take, tufa ce ke faɗin wanda ya iso.

Kayan mata sun fi shan wahala a wannan taga, kuma ba a cika lura ba. Zane ba ɗinkakke ba ne. Ɗauri ne ke mai da shi tufa, kowace safiya daga farko. Haka ɗankwali, haka gyale, haka goyo. Barbara Cooper, a binciken da ta yi kan matan Maraɗi wanda ya fito a 1993 da kuma littafinta na 1997 kan aure a garin, ta nuna yadda zane yake dukiya da ajiya da hanyar ƙulla zumunci, tun zamanin da mata ke kaɗa zare da hannunsu har zuwa lokacin da atamfar kanti ta karɓe kasuwa. Turmin da ke cikin lefe yana da daraja tun ba a yanka shi ba, wani ma ba za a taɓa yanka shi ba. Taswirar jiki ba ta san tufar da ba ta da siffa sai an ɗaura ta ba. Abin da take karɓa hannu biyu-biyu shi ne zanen da ke jikin atamfa, domin shi hoto ne, kuma hoto ne abincinta. Shi ya sa idan aka nemi kayan Afirka a kantunan waɗannan duniyoyi, abin da ya fi fitowa shi ne yankan Turawa da aka lulluɓe da furannin atamfa, atamfar da ita kanta kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. Na'ura ta tace abin da ya fi sauƙin ɗauka ta kira shi al'ada. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kuskure ne a ɗora wa taga laifin abin da ba a ba ta ba. Manhajar da ke farawa daga yankan ƙyalle tana iya fitar da babbar riga ta gaskiya, in ta sami wanda zai gaya mata gaskiyar: ƙyalle nawa ne a gaba, nawa a baya, ina aka shigar da ƙari don gindin riga ya buɗe, zurfin aljihu nawa, faɗin shafi nawa, nauyin saƙi ya bambanta da na shadda da me. Waɗannan ba sa cikin hoto. Suna hannun tsofaffin maɗinka da suka rage a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, suna kuma cikin adakar gidajen sarauta, inda asu ke aikinsa ba hutu. Zauren tufafi na gidan tarihin Bubu Hama a Yamai yana da nasa rabo, amma abin da ke bayan gilashi ba a juya cikinsa. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke koyon aikin kwamfuta ba za su rasa iya sarrafa manhajar ba. Abin da za su rasa shi ne awo. Wannan aiki ne da ƙungiyar al'adu ko ajin Hausa na lise zai iya yi da tef ɗin tela na dala ashirin da littafin rubutu: a nemi izinin mai tsohuwar riga, a baje ta a tabarma, a juya cikinta waje, a ƙirga, a auna, a rubuta sunan kowane yanki yadda mai ita yake kiransa, ba yadda ƙamus ya ce ba. Sannan a roƙe shi ya saka ta, ya tashi, ya zauna, ya miƙa hannu ya gaisa, wani ya riƙe waya yana ɗauka, a ga sau nawa ya mayar da hannun riga kafaɗa kafin ya kai ƙofar zaure.